Ƙuri'ar da Aka Binne a Teburin Rajista

A shekarar 1974, dab da Sifaniya za ta tattara komatsanta ta bar Yammacin Sahara, ta ƙidaya 'yan asalin yankin, ta samu kimanin mutum 74,000. A kan wannan ƙidaya aka gina alkawarin 1991, lokacin da Maroko da ƙungiyar Polisario suka tsagaita wuta: za a yi ƙuri'ar raba gardama a farkon 1992, mutanen yankin su zaɓi 'yancin kai ko zama cikin Maroko. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa tawagar MINURSO domin wannan aiki. Har yau ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba.

Masu cewa saɓanin rajista ne kawai ya hana ruwa gudu suna raina hankalin jama'a. Tun a 1975 Maroko ta tura mutum 350,000 tattaki zuwa yankin, daga baya kuma ta zaunar da 'yan ƙasarta a can. Da aka zo tantance masu zaɓe, sai ta dage cewa a saka dubban mutanen da ƙidayar Sifaniya ba ta san da su ba. Jami'ai suka kwashe shekaru suna zama da shugabannin ƙabilu, ana kiran mutum ɗaya-ɗaya ana bin salsalarsa, har aka fitar da sunaye kimanin 86,000 a farkon shekarar 2000. Sai ƙorafe-ƙorafe kusan 130,000 suka biyo baya, akasarinsu daga ɓangaren Maroko. A nan maganar ta mutu.

Kwamitin Sulhu na da ikon tsayawa a kan jerin da jami'ansa suka fitar. Bai tsaya ba, domin Faransa, mai kujerar naƙi, ta daɗe tana yi wa Rabat garkuwa. A Disambar 2020 gwamnatin Trump ta amince da ikon Maroko a kan yankin, ita kuma Maroko ta ƙulla hulɗa da Isra'ila: ciniki ne ƙiri-ƙiri, kuma ba a tambayi masu ƙasar ba. Sifaniya ta goyi bayan shirin Maroko na ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a 2022, Faransa ta bi sahu a 2024. Waɗannan ƙasashe dai su ne ke yi wa Afirka wa'azin sahihin zaɓe.

Aljeriya ma ba ta fita tsaf ba. Kwamitin Sulhu ya sha neman a yi rajistar 'yan gudun hijirar da ke sansanonin Tindouf, abin ya ci tura, saboda yawansu ne ke auna agajin da za a kai da kuma nauyin Polisario a teburin sulhu.

Jaririn da aka haifa a Tindouf a shekarar da aka tsagaita wuta ya haura shekara talatin. Sunansa ba ya cikin ƙidayar 1974, ba ya cikin jerin 2000.