Mazaunin Jak: A Bai wa Mai Walda Aikinsa

Dogon jak irin Hi-Lift da masu Hilux ke shiga daji da shi ya haura kilo 10. Idan aka yasar da shi a bayan mota ba ɗauri, ranar da aka taka birki da ƙarfi zai iya fasa gilashi ko karya ƙafar fasinja.

A ganina, ba sai an sayo mazauninsa daga waje ba. Mai waldar unguwa zai haɗa shi da ƙarfe mai kauri, kusoshi biyu masu ratsa ramukan jak ɗin, noti, da guntun tsohuwar taya don hana ƙara. Amma a kafa shi a ƙashin bodi, ba kan fallen ƙarfe ba, a kuma sa kwaɗo saboda ɓarayi.