A daina yi wa masu kamun gizo-gizo dariya

Jama'a, a ƙasashen duniya akwai masana da aikinsu shi ne shiga gonaki suna kama gizo-gizo suna jefawa cikin kwalba. Nan da nan wani zai ce rashin aikin yi ne. Ni kuwa ina ganin manoman albasa na Galmi da Malbaza da Birnin Ƙonni, da matan da ke kasa ta a kasuwa, su ne ya kamata su fara neman a kawo musu wannan aiki.

Ga yadda abin yake. Ana niƙa ƙafar gizon, a ciro ƙwayar halittar da ake kira DNA, a sa cikin na'urar PCR, irin wadda aka yi gwajin korona da ita a 2020. Ita ke nuna ko akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikinsa. Fitacciya cikinsu ita ce Wolbachia, wadda aka gano a jikin sauro a Amurka a 1924. Uwa ke gadar wa 'ya'yanta ta cikin ƙwai, kuma takan sa a yi ta ƙyanƙyasar mata fiye da maza, ko ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa. Ba ta kama mutum.

To ina ruwan mai sayar da albasa? A birnin Yogyakarta na Indunusiya an saki sauro mai ɗauke da ita, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna zazzaɓin dengi ya ragu da kashi 77 cikin 100. Nan kusa da mu, a Burkina Faso, masana sun same ta a jikin sauron zazzaɓin cizon sauro a 2014. Duk da irin wannan kamun ƙwari da ake rainawa aka fara.

Shi gizo-gizo kuwa ma'aikaci ne da ba a biya. Yana cin ƙuda da sauro da ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganyen albasa. Abin da ke rage ko ƙara haihuwarsa ya shafi aljihunmu. Amma mu feshi kawai muka sani, a kashe ɓarawo a haɗa da mai gadi. Kuma maganin nan ba ya tsayawa a gona: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Wa ya yi asara in ba ɗan kasuwa ba?

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin 'yan albasa daga Ƙonni har Illela, su tunkari cibiyar binciken noma ta INRAN da jami'ar Tawa, su ce a zo a ɗebi ƙwarin fadamunmu a gwada. In ɗalibi ya zo da kwalba yana neman izinin shiga gona ko rumbu, a buɗe masa, a kuma sa masa sharaɗi ɗaya: ya dawo ya faɗi abin da ya gano, da Hausa, ranar kasuwa.