Nasiha Ga Malamai Da 'Yan Kasuwa A Kan Bargon Gida

Wannan nasiha ce zuwa ga 'yan'uwana malaman allo da attajirai da ƙananan 'yan kasuwa na ƙasar Batsari da Safana, da duk wanda maganar ta kai kunnensa. Abin da nake kira a kai shi ne mu koma yin bargo da mayafi a cikin gidajenmu da makarantunmu, da allura da kwarashi, mu kuma soma tun da kaka kafin ɗari ya sauko. Wataƙila wani ya ce ai wannan maganar mata ce, ba ta kai a kawo ta gaban malamai ba. To, a yi haƙuri a ji hujja tukuna, sa'an nan a yanke hukunci.

Kowa ya san halin hunturu a ƙasarmu. Daga watan Nuwamba iska takan juyo daga wajen Hamada ta zo da hazo da ƙura, in kuwa Disamba da Janairu suka kama, sanyin asuba sai ya shiga har ƙashi. Mai ɗaki da ƙyaure da katifa da sauƙi yake jinsa. Wanda ya san azabarsa shi ne almajiri mai kwana a zaure bisa tabarma, da tsohuwa, da jinjiri, da wanda aka raba da gidansa. A da wuta ce maganinmu. Almajirai sukan shiga daji su yo kirare da kara, a hura a tsangaya, a yi karatun dare kewaye da ita, a kwanta kusa da toka mai ɗumi. Amma Dajin Rugu, wanda muke maƙwabtaka da shi, ya zama mafakar ɓarayi cikin shekarun nan. Ran 14 ga Fabrairu 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutum 30, aka ƙone gidaje. Cikin Afrilu na 2020 aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Dutsinma da Ɗanmusa. Jama'a suka watse, waɗansu suka shigo garin Batsari, waɗansu Katsina, waɗansu suka ƙetara ƙasar Maraɗi, kuma wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa naɗe shimfiɗa. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji saboda tsaro. Ko a inda aka sami sauƙi, babu malamin da zai tura yaro ɗan shekara goma neman itace da zuciyarsa kwance.

Sa'an nan ita wutar ma tana da nata sharri. Gobara ta fi yawa da hunturu, domin kome ya bushe, ga iska. Kaskon garwashi kuma a rufaffen ɗaki yakan fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, mai barci ya shaƙe ta bai sani ba, a wayi gari a tarad da shi ya riga mu gidan gaskiya. Bargo ba ya gobara da kansa, ba ya shaƙe mutum, ba ya ƙarewa da dare ɗaya kamar ɗaurin kara.

In wani ya ce sana'ar nan baƙuwa ce a gare mu, sai mu ce ya tambayi tsofaffinsa. Kakanninmu mata suna gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari, su fid da zare da abawa, masaƙa su saƙa sawaye, maɗinka su harhaɗa su gefe da gefe har ya zama gwado ko luru. Mai hali ya sayi sakala ta gashin tumaki wadda ake kawowa daga Fulanin yamma. Bature Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya kuma ba da labari cewa tufafin Kano na kaiwa Tumbuktu da Gat da Tarabulus. Watau mu ne muke tufatar da waɗansu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai audugarmu ta riƙa bin hanyar injinan gurza irin na Funtuwa, ta tafi Ingila, ta komo mana a matsayin yadi. A 1957 gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna don a tsai da aikin a gida, aka ci moriyarta shekaru, ta rufe a 2002, sauran masaƙu kuma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Mazari ya riga ya kwanta, masaƙar zamani ta bi shi, muka koma sauraron bargon Sin da na gwanjo. Da aka rufe kan iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin da naira ta faɗi a 2023, duk ɗan kasuwa ya ga yadda kayan waje suka yi tsalle. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba ina cewa a ta da mazari gobe da safe ba ne, wannan aiki ne mai nisa. Akwai hanya biyu da ke kusa da hannu.

Ta farko, kuma ita ce ta talaka, ɗinki ne. Ku sani bargo ba ya haifar da ɗumi, ɗumin jikin mutum ne yake tsarewa, domin iska takan maƙale tsakanin zaruruwa ta hana zafin jiki fita. Saboda haka zane uku marasa kauri da aka ɗora bisa juna sun fi ƙyalle ɗaya mai nauyi riƙe ɗumi. A sami tsofaffin zannuwa, da rigunan da suka gaji, da guntayen yadin da teloli ke sharewa. A wanke su da sabulu, a shanya a rana mai ƙarfi saboda ƙwarƙwata da kuɗin cizo. A yanka guntayen daidai wa daida, a haɗa su su zama fuskar bargo, a sa tsohon zane biyu a ciki, a rufe baya da zane mai ƙwari. Sa'an nan a bi da allura da zare mai kauri layi layi daga wannan baki zuwa wancan, tsakanin layi da layi kamar faɗin yatsa uku, don kada cikin ya dunƙule in an wanke. A ƙarshe a kalmashe baki. Mutanen Bangal, a Indiya da Bangaladash, tun zamanin da haka suke yi da tsofaffin zannuwan matansu, har abin ya zama hajar da ake fita da ita ƙasashe. A kuma tuna ƙasa tana jan ɗumin jiki, saboda haka wanda ke kwana bisa daɓe yana bukatar abin shimfiɗawa kamar yadda yake bukatar abin rufa.

Ta biyu ita ce saƙar kwarashi, wadda 'yan matanmu suka riga suka iya, suna yi wa jarirai hula da safa da ita. Ƙugiya ce guda ɗaya da zaren ulu, ana jawo maɗauki ta cikin maɗauki. Ba ta bukatar masaƙa ko lantarki ko fili, mace tana tsakar gida tana jiran tukunya tana yi, in an yi gudu ma a ƙulle ta a bakin zane. Dabarar bargo ita ce kada a ɗauko shi gaba ɗaya. A saƙa ƙananan murabba'ai, kowanne taƙi ɗaya tsawo da faɗi, daga baya a ɗinke su, kamar dai yadda ake haɗa sawayen gwado. Bargo mai kamu 4 a tsawo da kamu 3 a faɗi zai ci murabba'i 48, tun da kamu ɗaya taƙi biyu ne. In mutum 12 suka raba, kowa 4 ne rabonsa. Ragowar ulu mai launi dabam dabam duk yana shiga, ba a yar da kome. Daga Turai wannan saƙa ta zo mana, har sunanta ma aro ne, amma a can ɗin ma talakawa ta taimaka: da yunwa ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, mata da yawa da saƙar kwarashi suka ciyad da gidajensu.

Sai dai a faɗi gaskiya ga 'yan kasuwa, domin su masu lissafi ne. Ulu yana da tsada, saƙar tana cin lokaci, wani sa'i ma kuɗin zaren kaɗai ya kai na bargon kanti. Saƙar tana da ƙofofi, iska na ratsawa, sai an ɗinka mata zane a baya take tsare sanyi sosai. Kuma yawancin abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake yi daga man fetur, in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata, saboda haka kada a kwana da shi a bakin wuta. Don haka ra'ayina shi ne bargon ɗinki ya zama na almajiri da ɗan gudun hijira da mai ƙaramin ƙarfi, na kwarashi kuma ya zama na sayarwa: na goyo, na barkar haihuwa, na kayan ɗakin amarya, inda ake biyan kyau da aikin hannu. Ribar na biyu ta sayi zare da allurar na farko.

In kuwa wani malami ya ce allura ba ta dace da mai karatu ba, to, wa ke ɗinka huluna a ƙasar Hausa in ba gardawa ba? Wa ke zana aska biyu da aska takwas a wuyan riga in ba malamai ba? Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Dawuda, alaihis salamu, an sanar da shi sana'ar sulke, zobe cikin zobe, ya kuma tabbata cewa daga aikin hannunsa yake ci. Ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa a cikin gidansa. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi tana aiki da hannunta ta yi sadaka da abin da ta samu. An ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufka igiya ya ci daga kuɗinta. Wa ya isa bayan waɗannan ya ce allura ta rage masa daraja? Yaron da iyayensa suka kawo mana amana ne, kuma yaron da ya kwana yana rawar ɗari da tari ba ya riƙe hadda da asuba.

Ga abin da nake roƙon malamai. Alhamis da safiyar Juma'a ranakun hutun allo ne, a ware wani yanki daga ciki, babban gardi mai ɗinkin hula ya zaunad da ƙanana ya nuna musu sa zare da jan layi. Kada a taɓa lokacin karatu. Kuma sharaɗi ne bargon farko da yaro ya ɗinka ya zama nasa, ya rufa da shi, ya tafi da shi gida in ya tashi. Ba ya halatta malami ya mai da yaran mutane 'yan ƙodago yana sayad da guminsu. Matan malamai su tara matan unguwa, musamman waɗanda aka kashe mazansu aka bar su da marayu, su koyar da juna.

Ga kuma abin da nake roƙon 'yan kasuwa. Ku da kuke zuwa Kantin Kwari a Kano da kasuwar Katsina, ku ƙara allura da kwarashi da zare mai kauri da ulu cikin sarinku, ku kai su Batsari da Ruma da Wagini da Safana da Runka da Zakka, ku riƙa sayarwa ƙulli ƙulli yadda mai ɗan kuɗi zai iya. Ku yi magana da teloli, musamman gab da Salla lokacin da ɗinki ya yi yawa, su riƙa tara guntayen yadi a buhu maimakon a share a ƙone. Mai hali ya ba mata zare bashi, in sun gama ya saya ya cire kuɗinsa. Amma a yanke lada tun kafin a soma aiki, a bayyane, a gaban shaida, domin macen da ke cikin gida ba ta san farashin kasuwa ba, kuma cin jahilcinta zalunci ne ko da ta ce ta yarda. Ku ba bargon gida wuri a gaban rumfa, ku faɗi wa mai saye inda aka yi shi. Kuɗin bargon waje yakan haye teku, kuɗin wannan kuwa a rumfarku zai komo, a sayi gero da gishiri da sabulu.

Masu ba da sadaka kuma su lura. Raba bargo ga mabukata alheri ne, Allah ya saka. Amma in an sayo shi daga hannun gwauruwa mai marayu aka ba almajiri, sadaka ɗaya ta shiga gida biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai hazo ya rufe gari sa'an nan ya nemi allura, sanyi zai wuce bai gama kalmasa ba. Da an kai amfanin gona gida a soma tara ƙyallaye, kowace makaranta ta ƙirga yaranta ta san bargo nawa take bukata, kowane ɗan kasuwa ya sa zare cikin lissafin tafiyarsa ta gaba. Allah ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a ƙasar Ruma da Safana da sauran ƙasashen Musulmi da maƙwabtansu, ya mai da kowa gidansa, ya sa albarka cikin aikin hannunmu.