Permin Starlet, tuƙin V8

Ran Jumma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani Alhaji abokin mahaifina ya tsai da ni a bakin rumfarsa cikin kasuwar Dole, ya miƙo mini salularsa ya ce in duba. Bai daɗe da dawowa daga sarin kaya a Dubai ba, kuma a can ne ya ɗauko hoton wata makarantar tuƙi wadda ke koya wa masu hali mota a cikin Porsche da Bentley da Range Rover, maimakon ƙananan motocin da aka saba gani da allo a bisa kai. Ya ce mini: "Ɗana, dubi abin da kuɗi ke sa mutum. Wanda bai san dama da hagun sitiyari ba, a ɗora shi kan motar da ta fi gidana tsada!" Na taya shi dariya, don maganar ta cancanci dariya. To amma da na waiwaya bakin titi sai na ga V8 ɗinsa a tsaye, injin na aiki, kuma wanda ke zaune a mazaunin direba autansa ne, yaron da ya karɓo permi wata biyu da suka wuce.

Tun daga ranar nake juya al'amarin a raina, har na kai ga ra'ayin da ban so in kai gare shi ba: mutanen Dubai sun fi mu gaskiya, ko da yake ba don neman gaskiya suka yi ba, don neman kuɗi suka yi. Su dai sun koya wa mutum tuƙi a cikin irin motar da zai tuƙa gobe. Mu kuwa a nan Damagaram muna koya wa yaro a cikin mota guda, mu miƙa masa makullin wata dabam, sa'an nan mu ce Allah ya tsare.

Ni kaina a cikin wata tsohuwar Starlet na koya, shekarun da na fito daga lise. Motar ba ta kai nauyin tan guda ba, ƙarfinta kuma ko sanda tana sabuwa bai wuce doki saba'in da ƴan kai ba, balle a lokacin da ta iso hannunmu bayan ta gama yawonta a Turai. Idan ka taka totur har ƙasa sai ta yi gurnani, ta yi shawara da kanta, daga baya ta motsa. Malamin namu, mutum mai haƙuri wanda ba zan manta alherinsa ba, yana da nasa birki da nasa kuloci a ƙarƙashin ƙafarsa, saboda haka kowane kuskure na yi shi ke shanye shi kafin ya zama ɓarna. Mun haddace kod kamar karatun allo, mun koyi tashi a kan tudu ba tare da mota ta koma baya ba, mun koyi kireno tsakanin garewani biyu. Ban tuna ranar da muka wuce gudun kilomita 50 ba, kuma ko sau ɗaya ba mu fita hanyar Mirya ko ta Takeita da dare ba. Da wannan ilimi aka ba ni takardar da ta halatta mini kowace ƙaramar mota da ke cikin ƙasar Nijar, daga waccan Starlet har zuwa motar minista.

Bari mu auna abin da ke tsakanin biyun. Land Cruiser mai injin V8, wadda manyan ma'aikata da manyan ƴan kasuwa suka fi so, tana da nauyin fiye da tan 2 da rabi, ƙarfinta kuma ya haura doki 230, wasu ma sun tasam ma 300. (Kamfanin Toyota ya daina sa mata V8 a sabon samfurin da ya fitar a 2021, ya koma V6, amma sunan ya riga ya zauna a bakin mutane.) Galibinsu kuma masu sauya giya da kansu ne, babu kuloci. Yaron da ya saba ƙafarsa ta hagu tana da aiki, kuma ya saba motarsa na mutuwa idan ya yi kuskure, sai ya tarar da wadda ba ta mutuwa, ba ta shawara, kana taɓa ta tana tafiya. A cikin Starlet gudu yana da ƙara, ƙofofi na kaɗawa, iska na shigowa, jikinka na gaya maka cewa ka wuce gona da iri. A cikin V8 gilashi na rufe, sanyi na busawa, kana kilomita 130 kana jin kamar a falo kake zaune.

Ga lissafin da muka koya a aji, wanda kowane malamin lise zai iya tabbatar muku. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga jaki a kan kwalta, ƙwaƙwalwarsa ta gane, ƙafarsa ta bar totur ta isa birki, daƙiƙa guda ta tafi, wato mita 28 sun wuce birki bai ma fara aiki ba. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata ba sau biyu take ninkuwa ba, sau huɗu ne. Sa'an nan a ƙara nauyi a kai. V8 mai gudun 120 tana ɗauke da ƙarfin bugu fiye da sau goma na Starlet mai gudun 60. Wannan ƙarfi ba ya ɓacewa, dole ya sauka a kan wani abu, kuma a hanyoyinmu abin da yake sauka a kai yawanci amalanke ne, ko ɗan kabu-kabu da fasinjansa, ko yarinya mai tallar goro da ke tsallaka titi a ƙauyen da hanya ta ratsa ta tsakiyarsa. Wanda ke cikin babbar mota sau da yawa yakan fito da ƙafafunsa, shi ya sa iyaye ke cewa sun fi natsuwa idan ɗansu na cikinta. Natsuwar tasu ce su kaɗai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ke da mafi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Wanda ya taɓa raka majiyyaci babban asibitin Damagaram a daren ɗaukar amarya, lokacin da samari ke tsere da motocin aro, ba ya bukatar rahoton kowa.

Wasu ƙasashe sun ɗauki hanyar da ta saɓa wa ta Dubai, wato maimakon su kai mai koyo ga babbar mota, sai suka nisanta shi da ita. A Italiya tun 2011 doka ta taƙaita ƙarfin motar da sabon direba zai tuƙa, kuma gyaran da aka yi a watan Disamba na 2024 ya kai wa'adin shekara 3, ya kuma tsai da iyaka a kilowat 105, kusan doki 143 ke nan. Da a Roma autan Alhaji yake, da ba shi da izinin taɓa motar ubansa. A Ostiraliya jihohin Biktoriya da Niyu Sawus Wels sun hana masu permin gwaji motocin da suka wuce kilowat 130 a kan kowane tan. Jihar Ostiraliya ta Kudu ma ta ƙara gaba: bayan wata Lamborghini ta ƙwace wa direbanta ta kashe yarinya ƴar shekara 15 a gefen titi a Adelaid cikin 2019, sai aka ƙirƙiro permi na musamman don motoci masu tsananin ƙarfi, wanda ya zama tilas daga 1 ga Disamba 2024, komai shekarun mutum da daɗewarsa a tuƙi. Faransa kuwa, wadda daga gare ta muka gaji tsarin permimmu, ba ta taƙaita ƙarfin mota ba, amma tun 2004 sabon direba da maki 6 yake farawa maimakon 12, yana manne da harafin A a bayan motarsa, kuma a babbar hanya inda kowa ke da izinin 130 shi 110 ce iyakarsa. Mun ɗauko kod da kireno daga wurinsu, wannan ɓangaren kuwa ban ga alamarsa a titunan Damagaram ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ba sai mun je Roma neman wannan hikima ba. Garin nan garin dawaki ne tun zamanin Sarki Tanimun, kuma duk wanda ya tsaya kallon hawan salla a ƙofar fada a Birni ya ga samari suna sukuwa, su zo gab da jama'a su ja linzami doki ya yi zamiya ya tsaya cak. Babu wanda ya fara da haka. Yaro yakan fara da yankan ciyawa da share turke, ya ja doki da ragama zuwa shan ruwa, a ɗora shi kan tsohuwar goɗiya, sai an ga zamansa a sirdi ya daidaita kafin a bar shi ya kusanci ingarma, ƙaimi kuwa shi ne na ƙarshen abin da ake ba shi. Direbobin manyan motoci ma haka suka tashi. Karen mota yakan yi shekaru yana sa waigi, yana ɗaure tamfol, yana duba ruwa da baƙin mai, yana zaune kusa da maigidansa daga Damagaram zuwa Kano ko Agadas yana kallon yadda ake saukar gangare da lodi, kafin wata rana a fili mai faɗi a ce masa ya matsar da mota. Ana iya kushe wannan tsari da cewa yana cin ƙuruciyar yaro, kuma yawancinsu ba su san karatun alamun hanya ba. Gaskiya ne. Amma bai taɓa haɗa ɗanyen hannu da cikakken ƙarfi a rana ɗaya ba.

A ƙarshen 1924 ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën, waɗanda suka taso daga Aljeriya suka ratsa Sahara, sun yada zango a Damagaram kan hanyarsu ta zuwa tabkin Cadi. Kowace ɗaya ƙarfinta wajen doki 20 ne, kuma da shi suka keta nahiyar. Yau ɗan shekara 19 yana zuwa sayen tsire a Sabon Gari da fiye da ninki goma na wannan.

To me za a yi? Ba na kira ga makarantun tuƙinmu su sayi V8. Mai makarantar da ke fama da kuɗin mai da na haya ba zai iya ba, kuma idan ya iya, kuɗin koyo zai fi ƙarfin ɗan malamin firamare, wanda shi ne ya fi bukatar permi don neman aiki. Farkon koyo a ƙaramar mota mai birki biyu shi ne daidai, kada a taɓa shi. Abin da ya rage shi ne mataki na biyu, kuma mai babbar mota ne ya kamata ya biya shi. Wanda ya iya fitar da miliyoyi ya sayi mota, ya biya duwan da asirans, ba zai kasa ƴan jikuna na awa goma tare da ƙwararren malami a cikin motar gidan ba: a fita bayan gari inda babu jama'a, yaro ya taka birki da ƙarfi a gudun 40, sa'an nan a 80, ya sauka ya auna tazarar da ƙafarsa, ya ji yadda doguwar mota ke karkata a kwana, ya bi hanyar Tanut ya koyi wuce tankokin man da ke fitowa daga matatar SORAZ ba tare da ya yi caca da ransa ba, ya yi tuƙin dare, ya yi na rairayi, ya yi na lokacin hazo. Na san akwai matsala a nan, domin motar gida ba ta da birki a gefen malami, kuma wani malami da na tattauna da shi ya ce shi ba zai shiga ba sai da yaron da ya riga ya san hannunsa. Ina ganin sharaɗinsa daidai ne, kuma a kansa ya kamata a gina.

Ga ƴan'uwana ma'aikata kuma, musamman na ma'aikatar sufuri da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, ina tunatar da su cewa gwamnati ta riga ta san ƙarfin kowace mota. Yana rubuce a kan kartigiri, kuma da shi ake yanke kuɗin binyat. Lambar da ta isa a karɓi haraji da ita ta isa jandarma a shingen hanya ya dube ta, ya dubi ranar da aka ba da permi, ya ce wa yaro ya sauko. Za a ce ƴaƴan manya ne za a riƙa tsayarwa, kuma waya ɗaya ta isa a sake su. Haka ne, wasu za su kuɓuta. Ko dokar hular kwano ma ba kowa ke bi ba, amma ba mu ce a soke ta ba.

Na koma wurin Alhaji ran Litinin na faɗa masa duk wannan, cikin ladabi, don ya girmi mahaifina. Na ce: "Baba, da ka bar Malam direbanka ya riƙa zama kusa da shi, ko na wata shida ne." Ya yi shiru yana jan carbi, sa'an nan ya ce direban na da aikin kai kaya Magarya, kuma yaron na da hankali, ba ya cikin masu tsere. Na ce ban yi musun hankalinsa ba, ƙafarsa nake magana. Ya ce zai duba. Da zan tafi ya kira ni ya tambayi nawa ake biyan malamin tuƙi a awa guda, na gaya masa, ya ce ai wannan bai kai kuɗin cika tankinta ba. Jiya da yamma na ga motar ta wuce ta gaban gidan waya, yaron na tuƙi, kujerar gefensa babu kowa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.