Karatu da tarbiyya a azuzuwan Samaru

A shekarar 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta sallami malaman firamare fiye da dubu 21 da suka faɗi jarrabawar cancanta.

Jarrabawar ta auna ilmin malami, amma ba ta auna yadda zai kwantar da hankalin yaron da ke cikin firgici ba.

Wannan giɓi ya ƙara fitowa fili bayan sace ɗalibai a kwalejin Nuhu Bamalli ta Zariya a 2021, da Kuriga a 2024.

Ƙalubalen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru shi ne yaye malaman da za su cusa haƙuri, da sauraro, da sasanta rikici cikin darasi.

Sai dai a ajin da ya cika maƙil, da wuya malami ya san damuwar kowane ɗalibi.