Gaskiyar magana game da ƙwan salwa



Akwai wani ɗan ƙwai mai ɗige-ɗige, wanda bai wuce girman aduwa ba, da ake sayarwa a manyan garuruwanmu cikin ƴan kwalayen roba. Ƙwan salwa ke nan. Masu tallarsa suna cewa yana maganin ciwon sukari, da hawan jini, da fuka, da gyambon ciki, da raunin mazaje. Wasu har takarda suke bayarwa: a sha shi ɗanye da sassafe kafin a karya kumallo, kullum, sai an cika ƙwai 120 ko 240. Suna kuma tuna mana cewa Alƙur'ani mai girma ya ambaci salwa. Haƙiƙa ya ambace ta, cikin abincin da Allah ya saukar wa Bani Isra'ila. Mu ma a jerin abinci muka ajiye ta, ita da ƙwanta, kuma muna ganin duk wanda ya kai ta jerin magani ya cuci marar lafiya.

Bari mu ɗora ƙwan bisa sikeli. Ƙwan salwa guda yana da nauyin garam 10 ko kusa da haka. Na kazar gidan gona yana kai garam 50. Ashe sai an tara na salwa 5 kafin a sami na kaza 1. Idan aka auna su nauyi ɗaya, abin da ke gina jiki a cikinsu kusan daidai yake, wajen garam 13 cikin kowane garam 100. Inda na salwa ya yi fice shi ne sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, domin ya ninka na kaza, haka kuma ya fi shi bitamin B12. Wannan abin yabo ne, ba mu ɓoye shi ba. Amma akwai abin da ƴan talla ba su faɗi: kitsen nan da likitoci ke kira kolesterol, wanda ake ja wa masu ciwon zuciya kunne a kansa, ya fi ninki biyu cikin ƙwan salwa.

To, mai karatu ya yi lissafi da kansa, tun da don haka muka shiga aji. Ƙwan salwa 240 daidai yake da na kaza 48. A je kasuwa a tambayi kuɗin wannan, a tambayi kuɗin wancan. Bambancin da aka gani, shi ne kuɗin da aka biya don zaƙin bakin mai talla.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne mutumin da likita ya ɗora bisa magani, ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma ga ƙwai. Hawan jini ciwo ne marar sallama. Mutum yana jin garau, yana noma yana kasuwa, rana ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye. Ciwon sukari kuwa, in aka bar shi ba kulawa, yana cin ido, yana cin ƙoda, yana mai da ɗan tuntuɓe gyambon da ke kai ga yanke ƙafa. Babu wani ƙwai, na salwa ko na jimina, da ke hana wannan. Haka nan wanda ke shan maganin sida: ya ci ƙwai don ya yi ƙarfi, amma kada ya tsallake maganinsa ko na kwana ɗaya.

Shan shi ɗanye ma kuskure ne. Ana cewa wai jikin salwa yana da zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Ba haka ba ne. Ƙwayar cutar salmonela, mai kawo zawo da amai da zazzaɓi, tana samuwa ga salwa kamar yadda take samuwa ga kaza, kuma ta fi yi wa yara da tsofaffi da masu juna biyu illa. Ban da haka, jiki ya fi cin moriyar dafaffen ƙwai: masana sun auna sun ga hanji yana ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100 na abin gina jikin da ke cikin dafaffe, alhali a ɗanye rabi kawai yake samu. Minti 4 zuwa 5 cikin tafasasshen ruwa sun isa ƙwan salwa ya dahu sarai.

Ba mu ce a guji kiwon salwa ba. Wadda ake kiwo a keji asalinta daga Japan ne, dangi ce ga ta daji mai ƙetaro hamada daga Turai lokacin sanyi. Tsuntsuwa ce mai saurin biya: tana fara ƙwai da sati 6 zuwa 7, tana iya yin 250 ko fiye a shekara, kuma keji ƙarami ya ishe ta. Sai dai ba ta kwanci, dole sai da injin ƙyanƙyasa na kwana 17 ko 18. Ba ta fita kiwo kamar zabuwa, kuma dusa da tsaba kaɗai ba su riƙe ta, sai abinci haɗaɗɗe na saye. Wanda zai shiga, ya fara sanin wa zai saya. A ƙasar Kenya, cikin 2013, labarin magani ya sa jama'a suka yi rububin kiwon salwa, wasu har da bashi. Da shekarar 2014 ta kama, ƙwai ya cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas, aka bar mutane da keji da bashi. Sun yi wa rogo kallon kitse.

Yanzu mu komo cikin gida, inda maganar ta fi nauyi. Binciken da aka yi a Nijar cikin 2022 ya nuna fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, saboda tamowa mai daɗewa, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A waɗannan jihohi ne kuma zabi ke zuba ƙwai duk damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ina ƙwan yake zuwa? Ana tara shi a ƙwarya a kai kasuwa, ko a ba mai shayi ya soya wa matafiya. Yaron gida kuwa an ce kada ya ci, wai zai koyi sata. Mun ji wannan magana daga bakin kakanninmu, kuma muna girmama su, amma ƴaƴan ma'aikata a birni suna cin ƙwai tun suna rarrafe, ba mu ga sun fi kowa sata ba. Abin kunya ne maigida ya sayi ƙwan salwa da tsada don kansa, alhali ƙwan zabuwar gidansa bai taɓa shiga bakin ɗansa ba.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6. Daga nan a ci gaba da nono, a ƙara da abinci mai gina jiki, kuma ƙwai yana cikin na gaba. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma suna da haƙƙi a kansa. Uwa ta dafa ƙwan ya dahu, ta ɓare, ta murje shi da cokali mai tsabta, ta dama cikin kunun hatsi. Ta fara da kaɗan, ta lura da yaron, domin akwai ƴan ƙalilan da ƙwai ke sa wa ƙuraje ko kumburi. In ta ga haka, ta dakata ta kai shi gidan likita. In ba ta ga kome ba, ta riƙa ƙarawa har ya iya cinye guda. Wanda ke da salwa a gida, 4 ko 5 su ne madadin na kaza guda, kuma a farfasa su tukuna, domin ƙaramin yaro yana iya haɗiye ɗan ƙwan ɗungum ya shaƙe.