Kada Ma'aji Ya Amsa Saƙon Banki Shi Kaɗai

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, kuɗin masara da na waken suya sun soma shiga asusun ƙungiyoyinmu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 yawancinmu muka koma ajiya a banki da tura kuɗi ta waya. Ɓarayi kuwa suka biyo mu can.

Ga yadda suke yi. Saƙo yakan zo wa ma'aji ta imel ko ta waya, da tambarin bankinsa sak, wai za a rufe asusu cikin awa 24 in bai sabunta BVN ba. A ƙasa akwai wurin da aka ce ya taɓa. Da ya taɓa, sai shafi ya buɗe mai kama da na banki, yana neman lambar katin cirar kuɗi, da lambobi 3 na bayansa, da lambar asiri. Can sai wani ya bugo waya cikin ladabi, yana roƙon lambar da banki ya aiko yanzun nan. Da zarar ma'aji ya karanta masa ita, kuɗin takin baɗi ya tafi.

BVN ɗin nan da Babban Banki ya kawo a 2014 ba ya tsufa, balle a sabunta shi ta imel. Ma'aikacin banki na gaskiya kuma ba ya tambayar lambar asirinka.

Mun san labarin Ishaku. Kunnensa ya gaya masa muryar ba ta Isuwa ba ce, amma da ya shafa fatar akuya sai ya yarda. Tambarin nan fatar akuya ne, kowa yana iya kwafarsa. A duba adireshin mai aikowa harafi harafi, gama sukan sāke ɗaya tak.

A ganinmu gargaɗi kaɗai bai isa ba, domin gaggawa takan ruɗe mai hankali ma. Bari kowace ƙungiya ta sa doka: ma'aji ba zai amsa irin wannan saƙo ba sai shugaba da magatakarda sun gani, sa'an nan mutum biyu su tafi reshen banki su tambaya. Kuɗin mota bai kai kuɗin taki ba.

In kuwa an riga an ruɗi wani, kada mu kunyata shi a gaban ikilisiya. Wanda yake tsoron gori yakan ɓoye abin kwana uku, alhali a sa'ar farko ya kamata a kira banki a toshe katin.